Yadda Ake Tsara Tafiyar Kwana Biyu ko Uku da Abokai Ba Tare da An Dawo Ana Gaba Ba

Kusan kowace tafiyar abokai da saƙo ɗaya take farawa: "Wai yaushe za mu fita mu ɗan sha iska ne?" Kafin minti goma guruf ya ɗauki zafi. Wannan ya turo hoton bakin teku, wancan ya turo na duwatsu, wani ya ce shi ko gobe ne a shirye yake. Bayan mako uku sai ka ji shiru, kamar an aiki bawa garinsu. In kuma an daure an tafi, sai a dawo mutum biyu ba sa ga maciji, ɗaya kuma yana bin sauran bashin da yake jin nauyin tambaya.

Na sha shiga irin wannan tafiya, na kuma sha zama wanda aka ɗora wa ɗawainiyar shirya ta. Abin da na lura shi ne taron mutane ya fi mutum ɗaya nauyin jiki nesa ba kusa ba, kuma duk jadawalin da bai yi la'akari da wannan ba, tun ranar farko zai wargaje. Ga yadda nake bi, daki-daki.

Mataki na 1: A san masu tafiya, a naɗa madugu

Kafin a yi maganar ina za a je, a fara sanin su wa za su je. Yawan mutane yana sauya komai. Idan ku huɗu ne, alaƙar da ke tsakaninku ta mutum da mutum guda 6 ce. Idan kun zama shida ta koma 15, takwas 28, goma kuma 45. Kowace ɗaya a cikinsu ƙofa ce ta saɓani. Ga kuma lissafi na zahiri: ƙaramar mota mutum biyar take ɗauka har da direba, to da zarar an samu na shida sai a nemi mota ta biyu. Yawancin ɗakunan otal na mutum biyu ne, saboda haka idan ku biyar ne ko bakwai, dole wani ya kwana shi kaɗai, kuma sai an san wa zai biya rabin da ya rage. A wurina huɗu zuwa shida shi ne daidai. In an wuce takwas, tafiyar ta fara zama taro.

A kuma yanke tun yanzu ko an yarda wani ya zo da wanda sauran ba su sani ba. Abin yana da nauyin faɗa, amma ya fi sauƙi a faɗa kafin a gayyato mutum.

Sai madugu. Fatake ba sa tashi da ayari babu shi, ku ma kada ku tashi. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya wallafa wani gwaji a 1913 inda ya sa mutane jan igiya, ya ga cewa duk sanda aka ƙara masu ja, ƙarfin da kowane ɗaya yake sawa sai ya ragu. Haka guruf yake: aikin da aka ce na kowa ne, ba mai taɓa shi. Madugu ba sarki ba ne, aikinsa ya saurari kowa, ya sa wa'adi, in magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ya yanke. Kada kuma a jibga masa komai. A samu ma'aji mai riƙe kuɗi da lissafi, a samu mai kula da hanya da sufuri, a samu mai kula da masauki. Kowane aiki da sunan mutum ɗaya a gefensa.

Mataki na 2: A kafa rana

Kada ka tambayi guruf, "Yaushe kuke da sarari?" Amsa ba za ta taɓa haɗuwa ba. Madugu ya zaɓo ranaku uku, ya sa su a ƙuri'a. WhatsApp yana da wurin kaɗa ƙuri'a tun ƙarshen 2022, kuma ana iya barin mutum ya zaɓi fiye da ɗaya. A ba da kwana biyu ko uku, a rufe. Ranar da ta fi samun mutane ita ce ranar, ko da mutum ɗaya ba zai samu ba. In aka ce sai ranar da ta yi wa kowa daidai, to a shekara ana jira.

Kafin ka sa ranakun, duba abu biyu: ko sun faɗa cikin hutun gama-gari, lokacin da hanya ke cika kuma masauki ke tsada, da kuma yanayin wurin a wannan watan.

Mataki na 3: Maganar kuɗi, tun ido na ganin ido

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma cibin nan ba a tsakiyar guruf ake buɗe shi ba. Idan aka tambaya a bainar jama'a nawa kowa zai iya kashewa, mai hali ne zai fara magana, sauran su bi shi don kada a raina su, sannan su je suna ƙorafi a zuci. Ma'aji ya bi kowa shi kaɗai ya tambaye shi iyakar abin da zai iya fitarwa ba tare da ya takura ba. Adadi mafi ƙanƙanta da aka samu, a kansa ake gina tafiyar, kuma ba a faɗin na waye. Mai son ƙari, kamar ɗaki shi kaɗai, ya biya bambancin daga aljihunsa.

A kasa kuɗin gida huɗu: sufuri, masauki, abinci, da kuɗin shiga wurare. A ɗora kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kai saboda abin da ba a zata ba, irin su faci, kuɗin ajiye mota, ko tasi da daddare. In ba a taɓa shi ba, a mayar wa kowa nasa.

Abu uku ne ya kamata a rubuta su ɓaro-ɓaro. Na ɗaya, mene ne na asusun tarayya, mene ne na aljihun mutum. Ni dai mai da masauki da duk abin da aka yi tare nake sawa a tarayya, tsaraba da sayayya kowa tasa ta fisshe shi. Na biyu, kuɗin kafin alƙalami. Duk wanda bai biya nasa ba zuwa ranar da aka sa, ba a lissafa shi. "Ina ciki" da fatar baki ba ta kama ɗaki. Na uku, abin da zai faru in mutum ya janye. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce: abin da aka riga aka biya da sunansa kuma ba a iya karɓowa, shi zai ɗauka, sai dai in ya samo wanda sauran suka yarda ya maye gurbinsa. A faɗi wannan lokacin da ba wanda ya janye, domin a lokacin ne kowa zai ga adalcinta.

Idan a motar wani za a tafi, ni ina ganin bai kamata mai motar ya biya kuɗin mai daidai da sauran ba. Ya ba da motarsa, ga tuƙi, ga lalacewar taya da inji.

Mataki na 4: Me muke nema, sannan ina za mu same shi

Akwai wani malamin harkar gudanarwa a Amurka, Jerry Harvey, da ya ba da labari a 1974. Suna zaune a gidan surukansa a garin Coleman na jihar Texas, ana zabga zafi, sai surukinsa ya ce ko za su je Abilene su ci abinci. Matarsa ta ce ya yi. Shi ma ya ce ya yi. Surukarsa ma ta ce ya yi. Suka shiga motar da ba ta da na'urar sanyi, suka yi tafiyar kusan kilomita 85 cikin ƙura, suka ci abincin da bai yi musu daɗi ba, suka dawo a galabaice. Sai da aka zauna aka gano babu ko ɗaya a cikinsu da ya so zuwa. Mai shawarar ma ya kawo ta ne don ya zaci sauran sun gaji da zama. Kowa ya yi wa kowa kara, duk suka sha wuya.

Tafiyar abokai cike take da wannan. Maganinta shi ne kowa ya aika wa madugu abu biyu a keɓe: abu ɗaya da in bai yi shi ba zai ji tafiyar ba ta biya ba, da abu ɗaya da ba zai yi ba ko da an kai ruwa rana. A nan za ka ji gaskiya. Wani barci kawai yake so ya rama. Wani yana tsoron ruwa, bai taɓa faɗa ba. Wani gwiwa ke damunsa. Wani akwai abin da likita ya hana shi ci, wani kuma yana da lokutan ibada da ba ya tsallakewa. Idan rabin mutane hutu suke nema, rabi kuma yawo, gara a sani yanzu a zaɓi wurin da zai ɗauki duka biyun.

Daga nan madugu ya kawo wurare biyu ko uku, kowanne da nisansa da ƙiyasin kuɗinsa, a yi ƙuri'a sau ɗaya.

Nisa shi ne abin da aka fi rainawa. Bari mu yi lissafi. A ce za ku tashi Juma'a ƙarfe 4 na yamma ku dawo Lahadi ƙarfe 6 na yamma. Awa 50 ke nan. Cire 16 na barci, saura 34. In hanya awa huɗu ce zuwa, huɗu dawowa, saura 26. Cin abinci sau shida a taro, awa 6. Wanka da shiri na safiya biyu, awa 3. Zirga-zirga cikin garin, wata 3. Abin da ya rage a hannunku awa 14 ne. Wannan ita ce tafiyar gaba ɗaya. Shi ya sa a tafiyar kwana biyu ba na yarda da wurin da ya wuce awa huɗu, in son samu ne ma uku.

Mataki na 5: Sufuri da masauki

Waɗannan biyun su ake fara kamawa, domin su ne ke ƙarewa, su ne kuma ke tsada in an makara.

A masauki, inda yake ya fi kyansa muhimmanci. Gida mai kyau da araha a bayan gari zai ci muku awa ɗaya kullum, ya kuma hana wanda ya gaji ya koma shi kaɗai. Buɗe taswira, ka sa alama a wuraren da za ku je, ka nemi masauki a tsakiyarsu. Karanta sharhin waɗanda suka kwana a can kwanan nan, musamman masu ƙorafi. In mutum uku da ba su san juna ba sun yi kuka da abu ɗaya, to akwai shi. Duba sharaɗin sokewa da ranar da yake ƙarewa, ka rubuta ranar. Ƙirga gadaje, kada ka tsaya ga "yana ɗaukar mutum shida", domin wani lokaci biyu daga ciki kujerar falo ce. Ƙirga banɗaki ma: mutum shida da banɗaki ɗaya, a ce kowa minti 20, awa biyu ke nan kafin a fita. Yawancin otal-otal sai wajen ƙarfe 2 ko 3 na rana suke ba da ɗaki, su karɓe ƙarfe 11 ko 12, don haka ka tambaya ko za su ajiye muku kaya kafin nan da bayan nan.

A raba ɗakuna tun daga gida. Masu tashi da asuba tare, masu raba dare tare. Mai minshari ya faɗa da bakinsa, ba abin kunya ba ne.

In mota ce, a samu direba biyu a kowace mota. Dokar hanya ta Birtaniya tana ba da shawarar hutun aƙalla minti 15 duk bayan awa biyu na tuƙi, kuma shawara ce mai amfani a ko'ina. A tsara zango yadda za a isa kafin duhu a hanyar da ba a sani ba. In motoci biyu ne, kada a ce sai an jera. A sa wurin haɗuwa, kowa ya yi tuƙinsa cikin natsuwa. In jirgin sama ne, abin da aka saba shi ne isa filin jirgi awa biyu kafin tashi a tafiyar cikin gida, uku in za a tsallaka ƙasa. Kowa ya sayi tikitinsa da kansa a rana ɗaya, don kuskuren harafi a suna ya zama nasa, kuma kada mutum ɗaya ya ɗauki bashin kowa.

Mataki na 6: Jadawalin kansa

A nan ne masu zumuɗi suke ɓata rawarsu da tsalle. Na taɓa rubuta jadawalin da ke da wurare bakwai a rana ɗaya, har da mintuna. Na sa fita ƙarfe 8. Ƙarfe 8 ta yi, mu uku ne a bakin ƙofa. Na huɗu ya sauko 8 da kwata, ya ga ba a cika ba, ya ce bari ya koma ya ɗauko caja. Yana hawa na biyar ya sauko, ya ce tunda ana jira bari ya sha shayi. Na shida kuwa sai ga saƙonsa: "Ɗan'uwa, minti biyar, ina sa takalmi." Daga baya muka gano a lokacin ne ya shiga wanka. Mun fita tara da minti goma, ni kuma na yini ina duba agogo ina ɓata rai, na hana kowa sakewa. Laifin jadawalina ne, domin na rubuta shi kamar ni kaɗai zan yi tafiyar.

Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun yi bayani tun 1979 cewa mutum yakan raina lokacin da aiki zai ci, ko da ya sha yin irinsa ya ga ya ja. Idan haka mutum ɗaya yake, ina ga shida, waɗanda saurinsu shi ne saurin wanda ya fi kowa nawa.

Yanzu turke nake kafawa. Turke shi ne abin da yake da lokaci tsayayye, wanda in an makara an yi asara: tikitin da aka saya, jirgin ruwa mai tashi, teburin da aka kama. Biyu a rana sun isa, ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Sauran abubuwa su zama na "in da hali". Ga yadda ake jera su.

Ɗauko abubuwan nan da kowa ya ce in bai yi ba tafiyarsa ba ta biya ba. Su ne farko. Ka tabbata kowa ya samu nasa ko sau ɗaya, domin mutumin da aka yi masa nasa yakan yi haƙuri da na wasu. Sa su a taswira, ka haɗa na kusa da juna a rana ɗaya, kada a riƙa tsallaka gari ana kai-komo. Sannan ka duba ranaku da lokutan buɗe kowane wuri a shafinsa, ko ka buga waya. Gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin, Louvre na Paris kuma Talata yake rufewa. Wasu wuraren suna daina karɓar masu shiga tun kafin lokacin rufewa, wasu kuma sai da tikitin da aka saya tun da wuri.

Lokacin hanya, kada ka duba shi da tsakar dare kana kwance, sanda titi ba kowa. Google Maps yana ba ka damar sa rana da lokacin da za ka tashi. Abin da ya ba ka, ɗora masa rabi. In ya ce minti 30, rubuta 45, domin bai san da neman wurin ajiye mota ba, bai san da mai komawa ɗauko caja ba. In akwai tafiyar ƙasa ko hawan dutse, akwai tsohon ma'auni da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, da ƙarin awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan na masu ƙarfin jiki ne kuma babu hutu a ciki, don haka ku ƙara.

Abu mai wuya ko mai layi a sa shi da safe, lokacin da jiki ke da ƙarfi. Bayan abincin rana a bar awa biyu ko uku babu komai. Wannan gurbin da za ka ga kamar asara ne, shi ke haɗiye duk lattin safiya, shi ne kuma lokacin da mai barci zai yi barci, mai yawo ya yi yawo. A rubuta a fili cewa rabuwa halas ce. Ba dole kowa ya bi kowa ko'ina ba. Abin da nake riƙewa kawai shi ne a ci abincin dare tare, kuma kada wani ya fita shi kaɗai ba wanda ya san inda ya nufa.

Yunwa kuma ba a wasa da ita. Rabin faɗan tafiya tsakanin ƙarfe 1 da 3 na rana ake yin sa, a tsaye a bakin titi, ana "ko'ina ma ya yi" alhali duk inda aka ambata sai wani ya yatsina fuska. A zaɓi wurin cin abinci biyu kusa da kowane turke tun daga gida. Wani marubuci ɗan Ingila, Northcote Parkinson, ya yi wa kwamitoci ba'a a 1957, ya ce sukan amince da gina tashar nukiliya cikin 'yan mintuna, sannan su daɗe suna gardama kan rumfar ajiye kekuna, saboda ita ce kowa ya fahimta. Ƙananan abubuwa ba a kai su ƙuri'a. A ba mutum ɗaya zaɓin abincin yau, wani na gobe.

Ga misalin yadda zai kasance:

Juma'a: tashi ƙarfe 3 na rana, zango ɗaya a hanya, isa kafin duhu, cin abinci kusa da masauki. Ba wani turke. Ranar isa ba a ɗora mata komai.

Asabar: fita ƙarfe 9. Turke na farko 10 zuwa 12 da rabi. Abincin rana ƙarfe 1. Daga 2 zuwa 5 kowa da ra'ayinsa. Turke na biyu 5 da rabi. Abincin dare tare ƙarfe 8.

Lahadi: haɗa kaya da miƙa makulli kafin 11. Abu ɗaya mai sauƙi da daɗi, a kan hanyar komawa in zai yiwu. Kama hanya ƙarfe 2.

Ranar ƙarshe a kula da ita. Kahneman da abokan aikinsa sun yi gwaji a 1993 inda mutane suka tsoma hannu cikin ruwan sanyi sau biyu: sau ɗaya na daƙiƙa 60, sau ɗaya kuma na daƙiƙa 90 amma aka ɗan rage sanyin a 30 na ƙarshe. Da aka ce su zaɓi wanda za su maimaita, yawancinsu mai tsawon suka zaɓa, domin ƙarshensa ya fi sauƙi. Yadda abu ya ƙare yana rinjayar yadda ake tuna shi. Tafiyar da ta ƙare da gudu da tsawa don kada jirgi ya tashi, da wannan za a riƙa tuna ta.

Kowane abu na waje a tanadar masa madadi na cikin rufi, saboda ruwan sama ko zafi. Layi ɗaya ya isa.

Mataki na 7: Takarda ɗaya

Duk abin da aka yanke a tattara shi wuri ɗaya: lokutan fita, adireshin masauki da lambar wayarsa, lambobin tikiti, wa ke wace mota, wa ke wane ɗaki, lambar gaggawa ta wurin da za a je, da lambar wani na gida ga kowane mutum. A maƙala shi a saman guruf, kowa kuma ya ɗauki hotonsa ya ajiye a waya saboda inda ba sabis. In ya wuce shafi ɗaya ba mai karantawa.

Mataki na 8: Makon tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Saura mako ɗaya, a kira masauki a tabbatar, a duba hasashen yanayi, a kai mota wurin makaniki, a duba safaya da jak. Kowa ya sauke taswirar yankin a wayarsa. Ta Google Maps tana nuna hanyar mota ko ba intanet, amma ba ta ba da ta ƙafa ko ta motar haya a wannan hali. A raba kayan tarayya don kada a zo da abu ɗaya sau biyar a manta da wani: akwatin magani wurin wane, soket mai baki da yawa wurin wane. Mai shan magani kullum ya ɗauki na kwanakin da ƙarin kwana biyu, ya kuma gaya wa mutum ɗaya abin da za a yi in ciwon ya tashi.

Masu jirgi su tuna batirin ajiyar caji a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan da za a auna ba, kuma a yawancin filayen jirgi duk abu mai ruwa a jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100. In za a tsallaka iyaka, wannan binciken tun a mataki na 4 ya kamata a yi shi: ƙasashe da yawa suna son fasfo ya kasance da sauran wata shida, wasu kuma suna neman katin rigakafin cutar shawara, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar.

Mataki na 9: A can

Kowane dare, bayan abinci, a ɗauki minti biyar: gobe ƙarfe nawa, ina, me za a ɗauka, akwai wanda ya gaji? Lokacin da aka faɗa ya zama lokacin da mota ke motsawa, kuma a faɗi hakan. A yarda tun farko cewa za a jira minti 15, bayan nan wanda ya makara ya biyo baya, ba fushi. Sau ɗaya aka aiwatar da wannan ƙa'ida, ba a sake buƙatarta. A wuri mai cunkoso a nuna inda za a haɗu in an ɓace, a kuma kunna raba wuri na WhatsApp, mai nuna wa sauran inda mutum yake a taswira, wanda ake iya sa shi na minti 15, awa ɗaya ko awa takwas.

Duk abin da aka kashe na tarayya a rubuta shi nan take, a manhaja irin Splitwise ko a littafin ma'aji. Abin da aka bari sai dare, an manta rabinsa.

Shi kuma madugu ya saki jiki. In an ji daɗin wuri ana son a daɗe, a soke na gaba muddin ba turke ba ne. In biyu sun fara musayar yawu, a raba su da aiki, a aiki ɗaya sayen ruwa, a bar maganar sai an ci an ƙoshi.

Mataki na 10: Rufe lissafi

Kada ya wuce kwana biyu da dawowa. Ma'aji ya haɗa jimilla, ya raba, ya nuna wa kowa abin da ya biya da abin da ya kamata ya biya. Ba sai kowa ya tura wa kowa ba. A ce ku biyar ne, an kashe 1,000, ko da wane irin kuɗi ne. Rabon kowa 200. Na farko ya biya 600, na biyu 300, na uku 100, biyun ƙarshe ba su biya komai ba. To biyun ƙarshe kowa ya tura wa na farko 200, na uku ya tura wa na biyu 100. Turawa uku, an gama. Komai yawanku, adadin turawar bai kamata ya kai yawan mutanen ba.

Ma'aji ne zai bi wanda bai biya ba, a keɓe, don kada wanda ya fitar da kuɗinsa ya koma kamar mai roƙo. Hotuna kuma a buɗe musu kundi ɗaya kowa ya zuba nasa a makon, kuma kafin a sa hoton wani a Facebook ko Instagram a tambaye shi.